Mai Hasashe Ba Boka Ba Ne

Ranar Litinin, 26 ga Janairun 2015, birnin New York ya rufe ƙofa tun baƙon bai iso ba. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta sanar cewa dusar ƙanƙara mai tudun santimita 50 zuwa 75 tana nan tafe. Magajin gari, Bill de Blasio, ya gargaɗi jama'a da su shirya wa abin da wataƙila ba su taɓa ganin irinsa ba. Gwamnan jihar, Andrew Cuomo, ya hana motoci fita daga ƙarfe 11 na dare, ya kuma tsayar da jiragen ƙasa masu bi ta ƙarƙashin ƙasa, matakin da dusar ƙanƙara ba ta taɓa jawowa ba a shekara 110 da suka yi suna jigila. Aka soke tashin dubban jiragen sama, aka rufe makarantu, mutane suka wawashe burodi da madara a kantuna.

Da guguwar ta wuce, abin da aka auna a lambun Central Park da ke tsakiyar birnin bai wuce santimita 25 ba. Sai gori ya ɓarke. Gary Szatkowski, shugaban ofishin hukumar da ke Mount Holly a jihar New Jersey, ya shiga Twitter cikin dare ya nemi gafarar mahukunta da sauran jama'a. Amma mutanen Boston sai da suka haƙa hanyar fita daga gidajensu cikin dusar da ta haura santimita 60, garin Worcester kuwa ya samu kusan santimita 88, adadin da bai taɓa gani ba a zubowa ɗaya. Guguwar ta zo da duk ƙarfin da aka ce za ta zo da shi. Abin da ya faru kawai, cibiyarta ta karkata gabas da kimanin kilomita 100.

A ganina masanan sun yi laifi a wannan rana, sai dai laifin da aka tuhume su da shi daban, wanda suka aikata daban. Kaucewar guguwa ba ta hannun kowa. Laifin shi ne sun miƙa wa jama'a adadi guda kamar yankan wuƙa, alhali a cikin ofisoshinsu suna kallon lissafai masu karo da juna. Shugaban hukumar na lokacin, Louis Uccellini, ya amsa hakan da bakinsa: ya ce wajibi ne su gyara yadda suke bayyana wa mutane shakkar da ke cikin hasashe. A kan wannan shakka nake son mu tsaya.

Kafin irin wannan guguwa ta haɗu a gabashin Amurka, sai iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga Kanada ta tarar da iska mai ɗumi da laima a saman Tekun Atilantika, inda wani zirin ruwan ɗumi ke tasowa daga mashigin tekun Meziko ya bi gefen gaɓa ya yi arewa. Inda suka gamu nan guguwar ke ƙulluwa, ta riƙa juyawa tana hawa arewa maso gabas. Idan cibiyarta ta matso gaɓa da yawa, iskar teku mai ɗumi za ta kutsa cikin birane, abin ya koma ruwan sama. Idan ta yi nisa cikin teku, kifaye ne za su sha dusar, mutanen tudu su tashi da rana. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata siririyar hanya, wadda in guguwar ta bi ta, sai ta binne garuruwan da ke jere daga Washington zuwa Boston, inda mutum kusan miliyan 50 ke zaune. Ga kuma wata matsalar: santimita ɗaya na ruwa kan zama kimanin santimita 10 na dusa. Ƙaramin kuskuren da ba wanda zai lura da shi a ranar ruwan sama, a ranar dusa sai ya ninku goma, kowa ya gan shi a ƙofar gidansa.

Masanan ba ƙasa suke bugawa ba. Sau biyu a kowace rana ana sakin balan-balan ɗauke da na'urori daga ɗaruruwan tashoshi a duniya, suna auna zafi da laima da gudun iska har can sama. Taurarin ɗan Adam da jiragen sama da na ruwa suna ƙara nasu bayanan. Sai a zuba duka cikin manyan kwamfutoci, su lissafa yadda iskar duniya za ta motsa daga sa'a zuwa sa'a. Manyan lissafan da aka fi dogaro da su biyu ne: na Amurka, da na cibiyar ƙasashen Turai mai hedikwata a garin Reading na Ingila. Na Turai ya yi suna a 2012, lokacin da ya hango tun saura kusan mako guda cewa guguwar Sandy za ta juyo ta afka wa New Jersey. Wannan suna na daga cikin abin da ya sa aka fi karkata gare shi a 2015. A wannan karon kuwa na Amurka, wanda ya tura guguwar gabas, shi ya fi kusa da gaskiya.

Me ya sa kwamfutoci masu wannan ƙarfi suke saɓani? Amsar ta samo asali tun 1961. Wani masani a jami'ar MIT, Edward Lorenz, yana maimaita wani lissafin yanayi, sai ya taƙaita lamba ɗaya, ya rubuta 0.506 a maimakon 0.506127. Bayan ɗan lokaci sakamakon ya rabu da na farko har ba su kama da juna. Abin da ya gano shi ne, iska halitta ce da ƙanƙanin bambanci a farkonta ke girma ya zama babba a ƙarshenta, kuma tun da ba mai iya auna kowane lungu na sararin sama, kuskuren farko ba ya rasuwa. Don haka tun 1992 manyan cibiyoyin suka koma maimaita lissafi sau da yawa, kowane karo da ɗan sauyi a bayanan farko. Cibiyar Turai kan yi sau 51. Idan 45 daga ciki suka binne birni, magana ta yi ƙarfi. Idan 20 suka binne shi, 20 suka ba shi ruwan sama, saura suka wuce teku, to gaskiyar da ke hannun masani ita ce wannan rabuwar kai, kuma ita ya kamata ya faɗa.

Masu cewa jama'a ba za su fahimci irin wannan bayani ba, ina ganin ba su taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ba. Kafin a take wasa, kowa a kan benci ya san wace ƙungiya ce ta fi ƙarfi, kuma kowa ya san mai ƙarfin kan sha kashi. Ajantina ta shiga gasar cin kofin duniya ta 2022 da wasa 36 a jere ba a doke ta ba, Saudiyya ta lallasa ta da ci biyu da ɗaya a wasan farko, daga baya kuma Ajantinar ce ta ɗauki kofin. Leicester City ta cinye gasar Firimiya a 2016 bayan da aka ɗauka da kyar za ta tsira daga faɗawa rukuni na ƙasa. Ba wanda ya ce a kori masu sharhin wasanni saboda haka, domin kowa ya gane cewa "ita ake sa ran za ta ci" daban yake da "ta riga ta ci". Mutumin da ya iya riƙe wannan bambanci a ransa ranar Asabar da yamma, zai iya riƙe shi idan aka ce masa akwai yiwuwar kashi 70 cikin 100 dusa ta haura gwiwa.

A Amurka ma ƙwallo da dusar ƙanƙara sun daɗe suna karo, domin ƙwallonsu mai kama da zari-ruga tana kaiwa ƙarshen kaka ne a watannin Disamba da Janairu, tsakiyar hunturu. Ranar Lahadi, 26 ga Disamban 2010, an shirya wasan dare a Philadelphia tsakanin Eagles da Vikings na Minnesota. Hukumar gasar ta ɗage shi zuwa Talata tun da rana, bisa hasashe kawai, kafin dusar ta yi nisa. Gwamnan Pennsylvania, Ed Rendell, ya fusata, ya ce Amurkawa sun zama al'ummar ragwaye. Hujjarsa tana da daɗin ji. An buga wasan ƙarshe na gasar a Green Bay ranar 31 ga Disamban 1967 cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, har yau ana alfahari da shi. Ko ƙwallon ƙafa irin tamu, an buga ta cikin dusa: ranar 22 ga Maris na 2013, kusa da Denver, Amurka ta doke Kosta Rika da ci ɗaya mai ban haushi ta ƙafar Clint Dempsey, ma'aikata na bin layukan fili da shebur don a ga iyaka, kuma FIFA ta yi watsi da ƙorafin da Kosta Rika ta shigar.

Abin da gwamnan ya tsallake shi ne, 'yan wasa 22 ba su ne abin damuwa ba. Damuwar tana kan 'yan kallo kusan dubu 70 da za su fito da tsakar dare su hau titunan da motocin share dusa ke ƙoƙarin buɗewa, su tare wa motar asibiti hanya. Dusar da ta sauka a Philadelphia ranar ta kai kusan santimita 30. Da ta tsaya a 10 ma, da matakin ɗage wasan bai zama kuskure ba, domin da abin da aka sani da rana aka yanke shi, kuma da shi ya dace a auna shi.

Garin Buffalo ya fi kowa sanin wannan darasi. Yana bakin tafkin Erie, inda iska mai sanyi kan ratso saman ruwan da bai daskare ba, ta kwashi laima ta juye ta a kan unguwanni kaɗan, har ka ga wata unguwa ta nutse, wata mai nisan 'yan kilomitoci tana cikin hasken rana. A Nuwamban 2014 dusar ta haura mita biyu a wasu wurare, aka kwashe wasan ƙungiyar garin, Bills, da Jets aka kai Detroit. A Nuwamban 2022 aka sake kai wasansu da Browns can, wannan karo tun ranar Alhamis aka yanke shawara, dusar ba ta gama sauka ba, kuma garin Orchard Park inda filin yake ya samu kusan mita biyu. A Janairun 2024 Gwamna Kathy Hochul ta sanar da ɗage wasansu da Steelers daga Lahadi zuwa Litinin, ƙungiyar ta ɗauki magoya baya aikin kwashe dusa daga kujeru a kan dala 20 a sa'a. Ba a ji wani mai hankali ya kira su ragwaye ba.

Dalili kuwa, makonni kaɗan bayan wasan 2022 garin ya ga abin da jinkiri ke haifarwa. Kwanaki kafin Kirsimeti masana suka yi ta shelar cewa guguwar da ke tafe irin wadda ake gani sau ɗaya a zamani ce. Hasashen ya yi daidai. Amma dokar hana tuƙi ba ta fara aiki ba sai ƙarfe tara da rabi na safiyar Juma'a, 23 ga Disamba, lokacin da mutane da yawa sun riga sun tafi aiki ko cefanen biki. Sama da mutum 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motoci, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Haka Atlanta ranar 28 ga Janairun 2014: an fitar da gargaɗi tun kafin asuba, amma aka buɗe makarantu da ofisoshi, sannan aka sallami kowa lokaci guda da tsakar rana. Dusar da ba ta kai santimita bakwai ba ta daskare a kan tituna, mutane suka kwana a motoci, yara suka kwana a makarantu. Gwamna Nathan Deal ya fara ɗora laifin a kan hasashe, daga baya ya janye ya ba da haƙuri.

Idan aka jera waɗannan da abin da ya faru a New York, za a ga kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya rufe gari dusa ba ta zo ba, ya jawo asarar kuɗi da gori. Wanda ya bar gari a buɗe dusa ta zo, gawa yake ƙirgawa. A Maris na 1888, zamanin da hasashe bai wuce tattara rahotanni ta wayar tangaraho ba, guguwa ta auka wa gabashin Amurka ba zato, ta kashe sama da mutum 400. A Maris na 1993 kuwa, an hango wata babbar guguwa tun saura kwana biyar, wadda ta zuba dusa daga Alabama har Maine, gwamnoni suka samu damar shiri. Ingancin hasashe yana ƙaruwa da kimanin kwana ɗaya a duk shekara goma. Masu gori a kan kilomita 100 sun manta cewa kakanninsu ko labarin zuwan guguwar ba sa samu.

To sai dai wannan bai zama lasisin firgita mutane ba, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa gara a riƙa zuzuta kowace guguwa don rigakafi ya fi magani. Rufe gari yana da waɗanda yake cuta. Direban tasi da mai wankin kwanuka a gidan abinci da mai kai saƙo a keke, in ba su fita ba, ba su da na cefane. Sannan yarda dukiya ce mai ƙarewa. A Fabrairun 1978 an yi gargaɗin babbar guguwa a yankin Boston, amma da safe ba a ga komai ba, mutanen da suka saba jin hasashen da ba ya tabbata suka tafi aiki, dubban motoci suka maƙale a babbar hanya mai lamba 128. A Maris na 2017 kuma jami'an hukumar hasashen yanayi suka amsa cewa kafin wata guguwa ta iso New York sun ga alamun dusar ba za ta kai yadda suka sanar ba, amma suka bar adadin a sama don kada mutane su saki jiki. Niyyar mai kyau ce, matakin kuwa mummuna. Ranar da jama'a suka gane ana ƙara wa magana gishiri don amfaninsu, daga ranar za su fara rage wa kowane gargaɗi gishirin da kansu, har da wanda ba a ƙara wa komai ba.

Sai kuma wata annoba ta zamani. Lissafan kwamfutocin nan a buɗe suke a intanet, kowa na iya ɗauko taswira. Sai wani ya zaɓi mafi muni cikin lissafi 51, na kwana goma masu zuwa, ya watsa a Facebook da manyan haruffa, dubban mutane su yaɗa. Idan ranar ta zo ba a ga komai ba, masana ake zagi, alhali ba su suka faɗa ba. Hasashen adadin dusar da za ta sauka a kan wani gari tun saura kwana goma, bai fi faɗin sakamakon wasan ƙarshe tun ba a fara gasa ba. Irinsa ne abin da wani tsohon kundin manoma na Amurka ya yi, da ya sanar tun watanni kafin lokaci cewa guguwa za ta dagula wasan ƙarshe na 2 ga Fabrairun 2014 a New Jersey. Aka buga wasan cikin yanayi mai daɗi, digiri tara sama da sifili, Seattle ta casa Denver da maki 43 da 8. Washegari dusa ta sauka, magoya bayan kundin suka ce ai ya kusa. Wanda ya ce za a yi dusa a New Jersey a farkon Fabrairu, bai faɗi abin da yaro bai sani ba.

Sanin gaibu sai Allah, kuma masanin kirki bai taɓa da'awarsa ba. Aikinsa auna abin da ake iya aunawa, ya faɗi inda awon ya ƙare. Bayan abin kunyar 2015 hukumar ta faɗaɗa wani tsari da nake ganin shi ne daidai: taswira uku a maimakon ɗaya, wato mafi ƙarancin abin da za a iya samu, da abin da aka fi sa rai, da mafi munin abin da zai iya faruwa. Shekara guda bayan haka, a Janairun 2016, New York ta sake samun kanta a bakin iyakar wata guguwa. Kwanaki kaɗan kafin ta iso ana ganin birnin gefe kawai zai taɓa, sai ta ɗan matso arewa ta zuba kusan santimita 70 a Central Park, mafi yawa a tarihin awon birnin. Gari ɗaya, shekara biyu a jere, kaucewa ɗaya ta hagu ɗaya ta dama. Wanda ya dubi taswira ta uku kaɗai ne bai sha mamaki ba.

Mu da ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, maganar ba ta bar mu a baya ba. Duk shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar kula da koguna kuma na jera jihohin da ambaliya ka iya shafa. A 2022 an yi gargaɗin, ambaliyar ta zo ta ci rayuka sama da 600. A nan ma tambayoyin ba su sauya ba: yaya aka isar da gargaɗin, wa ya ji shi, wa ya yi aiki da shi tun da sauran lokaci, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka nauyin ya rabu uku. Masani ya faɗi abin da ya gani tare da iyakar ganinsa, kada ya ɓoye shakka don gudun a ce bai iya ba, kada kuma ya kumbura adadi don ya tsorata mutane su zauna a gida. Ɗan jarida ya daina ɗauko adadi mafi girma ya maƙala a kanun labari ya watsar da sauran. Mai mulki kuwa ya yanke hukunci da wuri, ya fito ya ce, "Ga abin da aka gaya mini, ga yiwuwarsa, ga dalilin da ya sa na rufe hanya," sannan ya tsaya a kan maganarsa ko da gari ya waye tas. Mutanen da aka gaya wa gaskiya duka, har da inda take da rauni, za su yafe kuskure su sake saurara gobe. Waɗanda aka ba rabin gaskiya da sunan kare su, sau ɗaya ake yi musu haka, kuma guguwar da za ta same su a kan titi ita ce ta gaba.